Takin Baɗi da Kaka Ake Sayensa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo tsakanin watan Oktoba da Disamba ya san yadda kaka take sauya ƙasa. Da ka wuce Janguza da Rimin Gado ka shiga ƙasar Kabo, sai ka fara ganin masara a shanye, dammunan dawa a jingine, mata suna sussuka, amalanken shanu suna ta kai da kawowa tsakanin gona da gida. Ranar kasuwar Getso kuwa, tun da hantsi motoci suke layi, dillalai suna zuba ƙwaya a tafin hannu suna dubawa, masu saye daga Dawanau suna ƙirga kuɗi. A wannan ɗan tsakanin ne manomi yake zama mai kuɗi. Fuska ta yi sheƙi, an sallami mai shago, an yi wa yara ɗinki, kuma kusan duk wanda ka tambaya zai gaya maka abin da ya ƙudurta game da baɗi: zai ƙara faɗin gona, zai zuba taki a kan kari, ba zai sake kai kansa wurin mai ba-da-kaka ba.

Sai a jira watan Yuni. Ruwa ya zauna, masara ta fito tana neman takin farko, ga mutumin nan a ƙofar gidan wani yana sosa ƙeya, yana roƙon buhu ɗaya na kamfa a kan zai biya da abin da ya fi shi idan an yi girbi. Mutum ne da tun asuba yake gona, don haka ba za a ce masa malalaci ba. Ranar da ya yi wancan alkawari kuma har zuciyarsa yake nufi. Abin da ya faru shi ne ya bar burinsa a matsayin niyya har tsawon wata bakwai, alhali kuɗin da za su cika burin suna cikin aljihunsa, inda kowace buƙata take iya miƙa hannu ta ɗiba.

Ra'ayina shi ne yawancin burin da yake mutuwa a ƙasarmu ba ƙarancin himma ne yake kashe shi ba. Yana mutuwa ne saboda ba a yanke masa rana ba, ba a kuma mayar da shi wani abu mai wuyar warwarewa ba a lokacin da hali yake hannu. Manomin da ya ɗauki kuɗin buhu uku na masara a watan Nuwamba ya je ya sayo takinsa, ya jera a kan katako a ɗakin da ba ya yoyo, ya riga ya gama rabin aikin daminar da ba ta zo ba. Wanda ya ce "Allah ya kai mu, zan saya idan lokaci ya yi" ya bar wa kansa yaƙin da zai riƙa yi kullum har wata bakwai, kuma a yaƙi irin wannan faɗuwa ɗaya ta isa.

Ya kamata a yi wa mutane adalci a nan. Kuɗin kaka ba a shashanci suke tafiya ba, a mafi yawan lokaci. Da kaka ake ɗaura aure, da kaka ake biyan bashin damina, ga kuɗin makaranta, ga gyaran katangar da ruwa ya kayar, ga ƙanwar da ta haihu, ga kawun da aka kwantar a asibiti. Bahaushe ba ya iya kallon idon ɗan'uwansa ya ce babu alhali akwai, kuma ba na fatan ranar da za mu koyi yin haka. Amma kowa ya san bambancin da ke tsakanin a ce "Yaya, ranta mini dubu ashirin" ga mutumin da kuɗi suke aljihunsa, da a faɗa wa wanda ya riga ya mayar da su taki. Na biyun zai ce, "Wallahi ɗan abin da ya rage na sa a taki," a kuma fahimce shi ba tare da an ƙullace shi ba, domin ba wanda zai ce wa manomi ya sayar da takin gonarsa sai in lalura ce ta rai da mutuwa.

Masana sun gwada wannan a wata ƙasa mai kama da tamu. A yankin Busia da ke yammacin Kenya, Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson sun lura cewa manoma da yawa suna cewa za su sa taki, amma idan lokacin ya zo sai su ce ba kuɗi. Sai aka riƙa zuwa musu daidai bayan girbi, ana ba su damar biyan kuɗin taki nan take a kan farashinsa na kasuwa, a kai musu har gida kyauta. Ba a rage musu ko sisi a kuɗin takin ba. Duk da haka masu amfani da taki suka ƙaru sosai, har ƙaruwar ta yi kusa da wadda aka samu lokacin da aka yi babban rangwame a tsakiyar damina. An wallafa sakamakon a 2011, kuma Duflo da Kremer suna cikin waɗanda suka karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019. Akwai wani ɓangare na binciken da ya fi jan hankalina: da aka daina zuwa wa manoman bayan girbi, da yawansu suka koma gidan jiya. Sun ga amfanin abin da idonsu, amma ganin amfani bai wadatar ba. Sai da wani tsari da yake dawowa kowace shekara a lokaci guda.

Irin wannan tsari kuwa kakanninmu suna da shi, tun kafin a san takin zamani. A ƙasar Kano, kai taki gona aikin rani ne. Tun sanyi bai gama wucewa ba za ka ga jaki da mangala yana jigilar takin turke da tokar murhu da sharar gida, ana jibgewa tsibi-tsibi a gonar da babu ko ɗigon ruwa a cikinta. Da bazara a yi sharar gona. Irin shuka tun ranar girbi ake zaɓensa, a ware zangarniyar da ta fi kyau, a rataye ta inda hayaƙi zai riƙa taɓa ta, kuma ko yunwa ta yi tsanani ba a saukowa da ita. Zakka ma a lokacin girbi ake fitar da ita, kafin hatsi ya shiga rumbu ido ya saba da shi. Rumbun kansa akwai hikima a gininsa: ƙofarsa a sama take, sai an ɗage murfi an hau, maigida ne yake buɗewa, dami-dami ake fitarwa ba a sussuke ba. Wahalar ɗiban ita ce take tsare abin da ke ciki. Wanda ya karanta ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, ya san cewa shawarar da ya ba mutanen Masar ke nan a shekarun yalwa, su bar hatsi a zangarniyarsa sai ɗan abin da za su ci. A yau muna sussuke komai a rana ɗaya da inji, mu ɗura a buhu, mu mayar da shi kuɗi, kuɗin ma yanzu a waya suke, ana iya tura su da ƙarfe biyun dare. Sauƙi ya ƙaru, kuma ina murna da shi, amma shingen da yake tsakanin mutum da dukiyarsa ya faɗi, ba mu kuwa gina wani a madadinsa ba.

In ana neman waɗanda ba su yar da wannan ilimi ba, a shiga cikin gida. Uwa a Garo ko Getso ko Kutama takan fara tara wa 'yarta kayan ɗaki tun yarinyar tana firamare. Ba ta da albashi. Tana da ƙuli-ƙuli ko awara ko ɗinkin hula, tana da zubin adashe duk mako. Ranar da ɗaukarta ta zo, kuɗin ba sa kwana uku a hannunta: ta aika a sayo mata tunkiya, ko saitin kwanuka, ko turmin atamfa, ta tura ƙarƙashin gado. Tunkiya ta haihu, a sayar da ɗan rago da Babbar Salla, a ƙara katifa ko tukwane. Shekara bakwai, shekara takwas, ranar jere sai mutane su riƙe baki suna tambayar ina ta samu. A duba yadda adashen yake aiki. Akwai rana sananniya, akwai adadi sananne, akwai uwar adashe da za ta turo yarinya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Wai in ji Inna a ba da zubi." Akwai kuma kunyar a ce ke ce kika karya. Matar da ba ta iya ajiye naira ɗari biyar a ɗakinta har kwana biyu saboda buƙatun yara, sai ga shi ta shekara tana zubi ba fashi. Halinta bai canza ba. Ta sa kanta ne a cikin wani tsari da ya fi ƙarfin kasalar rana ɗaya. Ina ganin da maza da yawa za su zauna su koyi wannan a wurin matansu da iyayensu mata, da an rage yawan masu sosa ƙeya a watan Yuni.

Makarantar allo ma haka take, sai dai ita lokaci take tarawa maimakon kuɗi. Babu alaramman da ya wayi gari ya ce yau zai haddace Alƙur'ani. Yaro yana farawa da babbaƙu, ya shiga farfaru, ya fara haɗa baƙi, sannan a riƙa yi masa ƙari gwargwadon abin da kansa zai ɗauka. Ya rubuta, ya biya, ya riƙe, ya wanke allo, gobe a sake. Hizbi sittin ne, kowane hizbi sumuni takwas, wato sumuni 480. Mai riƙe sumuni ɗaya kullum zai kai ƙarshe cikin shekara ɗaya da kusan wata huɗu in babu fashi, amma malaman tsangaya sun san ɗan Adam, shi ya sa ba su gina karatun a kan rashin fashi ba. Sun ware Alhamis da Juma'a don hutu, sun sa tilawa da tishe don kada na baya ya zube, sun kuma ɗaure karatun a jikin lokutan salla, bayan asuba da bayan isha'i, yadda almajiri ba sai ya tsaya shawara da zuciyarsa kan yaushe zai ɗauki allo ba. Wata masaniya a Jami'ar Landan, Phillippa Lally, ta bi mutum 96 da suke ƙoƙarin kama wata sabuwar ɗabi'a, a binciken da ya fito a 2009. Ta tarar cewa tsaka-tsakin lokacin da ɗabi'a take ɗauka kafin ta zama jiki kwana 66 ne, wani ya samu cikin kwana 18, wani kuma lissafi ya nuna sai ya kai kwana 254. Ta kuma tarar cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Wannan na ƙarshen ya kamata matasa su riƙe, domin na sha ganin wanda ya fara abu da zafi, ya yi fashin kwana biyu, sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi ba mai iyawa ba ne, ya watsar gaba ɗaya. Gardi ba ya haka. In zazzaɓi ya kwantar da shi mako guda, ranar da ya tashi daga inda ya tsaya yake ɗorawa.

Matasan Kabo suna da wanda suke nunawa idan ana zancen babban buri, wato marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, wanda ya kafa kamfanin jiragen sama na Kabo Air a 1980, ya sa sunan garinsu a jikin jirgin da ya riƙa sauka a Jidda da alhazai. Abin alfahari ne, kuma yana da kyau yaro ya taso ya san cewa ɗan garinsu ya yi haka. Abin da nake so su ƙara lura da shi shi ne irin sana'ar da ya zaɓa. Harkar jirgin sama gaba ɗayanta jadawali ce. Ana duba jirgi ne bisa adadin sa'o'in da ya yi a sama, ko ya nuna alamar matsala ko bai nuna ba. Matuƙi yana bin jerin abubuwan dubawa kafin kowane tashi, ko da ya yi shekara talatin yana tuƙi. Mai son ya yi koyi da masu irin wannan aiki, daga nan zai fara: ya canza wa babur ɗinsa baƙin mai a ranar da ya sa, ya rubuta cinikin shagonsa kowane dare, ya ware uwar kuɗi daga riba kafin ya ci ko kwabo.

Akwai masu jin cewa yawan lissafin gobe yana taɓa tawakkali. Ina girmama wannan damuwa, domin daga tsoron Allah ta fito. Amma manomin da ya fi kowa tawakkali shi ne wanda yake yin binne, ya zuba irinsa a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, kuma ba wanda ya taɓa cewa ya yi shisshigi. Malamai sun karantar da mu cewa an umarci mai raƙumi ya ɗaure abinsa sannan ya dogara ga Allah, sun kuma karantar da mu falalar ƙaramin aikin da aka dawwama a kansa. "In Allah ya yarda" magana ce da ya kamata ta biyo bayan shiri. Inda nake da ja shi ne inda aka mayar da ita hanyar kauce wa sa rana.

Ƙalubalen da ya fi wannan nauyi shi ne na tattalin arziki, kuma ba zan raina shi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta, ajiyar kuɗi ta zama abin tsoro. Hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Kujerar Hajji da take kusan naira miliyan uku a 2023 ta wuce miliyan takwas a 2025. Dattijon da ya yi shekaru yana tarawa a asusu ya ga burinsa yana gudu ya bar shi. Hukumar alhazai ta ƙasa ta ƙaddamar da adashin gata na aikin Hajji tare da bankin Jaiz a nan Kano a 2020, tana koyi da Tabung Haji na Malesiya, wanda aka kafa a 1963 don mutanen karkara su daina sayar da gonaki da dabbobi saboda tafiya Makka. Tunani ne mai kyau, amma duk ajiyar da take cikin naira tana fuskantar wannan zaizaya. Waɗanda kuma suka ce bari su ɓoye hatsi su jira tsada, da yawansu sun ji jiki a 2025, lokacin da farashin masara da sauran hatsi ya faɗi, taki kuwa ya ƙi saukowa. Wannan duk gaskiya ne.

Sai dai in aka duba da kyau, darasin da ke ciki yana ƙarfafa maganata ne. Wanda ya ajiye hatsi don ya ci riba caca ya yi da kasuwa, tana iya ba shi tana iya hana shi. Wanda ya ajiye abin da shi kansa zai buƙata, takinsa, irinsa, abincin gidansa na watan Yuli da Agusta, bulon ɗakin da yake son ginawa, wannan ko farashi ya hau ko ya sauka buƙatarsa tana nan a biye. Ajiya ta fi aminci idan ta ɗauki siffar burin da aka yi ta dominsa. Mai son gini ya sayi bulo hamsin duk wata. Mai son aure ya fara da akwati ɗaya. Mai son noman rani a bakin dam ɗin Guzu-Guzu ko a ƙasan Challawa ya sayi injin ban-ruwansa da kaka, kada ya jira sai maƙwabta sun fara dashen tumatir. Mai wake ya nemi buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda yake kashe ƙwari ta hanyar hana su iska ba tare da an zuba magani ba, don kada tsoron ɓacin wake ya sa shi sayarwa a makon girbi.

Na san akwai gidajen da hatsinsu ba ya kai su watan Maris, balle a yi zancen ware na taki. Akwai kuma ƙauyukan kan iyaka da Katsina inda mai turke yake kwana da fargabar ɓarayin shanu. Wanda yake cikin wannan hali ba lacca yake buƙata ba, kuma zalunci ne a ɗora masa laifin talaucinsa. Haƙƙinsa ne hukuma ta tsare masa rai da dukiya, mawadata kuma su fitar da zakka ta isa gare shi. Maganata ta fi shafar babban rukunin da ke tsakiya, masu samun buhu goma sha biyar zuwa talatin, masu ɗan shago, masu babur, malaman firamare, waɗanda abin da yake shigo musu a shekara zai iya ɗaga su mataki ɗaya, amma kowace shekara sai su tsinci kansu inda suka baro.

Ga waɗannan, ba wani dogon tsari nake ba da shawara ba. Buri ɗaya a shekara ya isa, wanda za a iya faɗa da adadi da wata: buhu huɗu na taki kafin ƙarshen Disamba, ɗan rago biyu a turke wata biyar kafin Layya, hizbi biyar kafin azumi. A gaya wa mutum ɗaya da ake jin nauyinsa. A rataya aikin a jikin abin da ba ya tashi, kamar ranar kasuwa ko sallar asuba ko ranar albashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma rabon da ya hau kan shugabanni da 'yan kasuwa, domin mun ga a Kenya cewa mutane sun koma gidan jiya da aka janye tsarin. Shekara da shekaru ana kukan cewa takin gwamnati yana isowa bayan masara ta wuce lokacin buƙatarsa. Me zai hana ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, tare da malaman gona na KNARDA da ƙungiyoyin manoma, su juya kalandar? A buɗe rumfar sayar da taki da iri a kasuwannin hatsi daga Nuwamba zuwa Janairu, a daidai wurin da manomi yake karɓar kuɗin masararsa. Wanda ba shi da wurin ajiya a ba shi takardar shaida mai lamba, a ajiye masa a sito, ya karɓa a watan Mayu. Abin da zai sa wannan ya yi aiki ko ya rushe shi ne amana, don haka kada a bar shi a hannun mutum ɗaya: a sa dagaci da limami da wakilan manoma, maza da mata, su riƙa ƙirga buhunan da ke siton a bainar jama'a duk wata, a kuma liƙa sunayen masu ajiya a ƙofa. Dillalin taki mai hangen nesa ma ba sai ya jira hukuma ba. Zai sami ciniki a watannin da kasuwarsa take kwance, zai kuma san adadin da zai yi oda tun kafin 'yan'uwansa su farka. Mazaɓa ɗaya ta isa a gwada a kakar bana, a ƙirga manoma nawa suka shiga, a koma gonakinsu a watan Yuli a ga ko takin ya sauka a kan kari.